Tsamiyar da Na Mai da Yamma

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Kulu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, gwiwa biyu a ƙasa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci. Mu a nan Greensboro lafiya lau muke. Surukarki Binta tana gaishe ki, ta sauka lafiya makonni biyar da suka wuce, an samu namiji. Takwararki Ummi ta shiga aji biyu. In an yi mata Hausa tana ji sarai, sai ta amsa da Turanci, ko kunya babu.

Na san ba kya karatun boko, na kuma san ba a kai wasiƙa inda kike. Amma shekara takwas ke nan ina ɗauke da wata magana taki a ƙirjina, sai ranar Asabar da ta wuce aka sauke mini ita, kuma ba ni da wanda ya kamata in fara gaya wa sai ke. Masu leƙen takardar nan ta bayan kafaɗata su yi haƙuri, da mahaifiyata nake.

Bari in fara da tsohon da ya jawo duk wannan, don ban taɓa ba ki labarinsa yadda ya kamata ba. Lokacin da na zo karatun ilimin ƙasar noma, ƙarshen shekarun saba'in, na kama ɗaki a gabashin gari, unguwar baƙaƙen fata da ta kewaye jami'a. Gidan da ke jikin namu na wani tsoho ne dogo, siriri, mai furfura har a gira. Motarsa a waje take kwana, ruwa da rana, domin ya cika garejin da wani inji mai ƙatuwar ƙafa da ake murzawa da hannu. Mu ɗaliban Nijeriya muka sa masa Baba Tagulla, saboda faranten tagulla da yake aiki da su. Da aka fassara masa sunan sai ya ce ya fi wanda aka raɗa masa daɗi.

Wata Asabar na gan shi yana kokawa da ƙafar injin nan, kafaɗarsa ta ƙi ba shi haɗin kai. Kin san ba ki haifi wanda zai wuce tsoho yana nishi ba. Na shiga na murza masa, daga ranar kuwa Asabar ɗina ta zama tasa.

Ga yadda aikin yake, Inna. Zai shafe farantin tagulla da kaki, ya turara shi da hayaƙin kyandir har ya yi baƙi. Sai ya ɗauki allura ya yi zane a kan kakin, duk inda allurar ta bi tagulla ta bayyana. Daga nan ya tsoma farantin cikin asid, wanda muke ce wa ruwan batir, yana kore kumfa da gashin kaza. Inda kaki ya rufe ruwan ba ya ci, kamar dai ƙunshin lalle, inda kika ɗaure ba ya kamawa. In ya wanke farantin sai ya cusa tawada cikin ramukan zanen, ya goge saman da tsumma, ya ƙarasa da tafin hannu. A ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a rufe da bargo, ni kuma in murza. In ya ɗaga takardar sai ki ga gona ta fito, har da ciyawar bakin hanya.

Ba ya zana mutane, ba ya zana benaye. Shi dai ƙasa: jar ƙasar nan tasu, ɗakunan katakon da ake busar da ganyen taba, rafi, tsohuwar rijiya, cocin ƙauye da kaburburan da ke bayansa. A gonar taba aka haife shi, gonar da iyayensa suka ƙare rayuwarsu suna nomawa ba tasu ba. Ya je yaƙi ya dawo, ya tafi manyan biranen arewacin ƙasar ya koyi sana'ar, ya yi shekaru yana yawo da zanensa a hammata ana nuna masa ƙofar baya. Da ya gaji ya dawo gida ya kama koyarwa. Lokacin da na san shi ya yi ritaya, abin da ya sa a gaba shi ne ya zana gonakin da baƙaƙe ke rasawa ɗaya bayan ɗaya, kafin a share su a kafa kantuna. Yakan ce: “Ƙasa ba ta gudu, mutane ake kora.”

Ni nake tuƙa shi zuwa ƙauyuka. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne zamansa. Sai mu yi tafiyar awa guda don mu ga gona, muna isa ya kafa kujera ya juya wa gonar baya. Ya jingina madubi a kan akwatin kayansa, ya riƙa kallon gonar ta ciki yana zane. Masu wucewa a mota su rage gudu suna kallonmu, ni kuwa in yi kamar ba tare muke ba. Sau ɗaya na tambaye shi dalili, ya ce: “Masu gonar za su zo kallo.” Ban gane ba, ban kuma sake tambaya ba. Ina ɗalibin digiri na biyu, na yanke hukuncin tsufa ne kawai. Girman kai rawanin tsiya, ke kika sha gaya mini.

A shekarata ta uku kewar gida ta kama ni, har abinci ya daina yi mini daɗi. Tsoho ya tafi ziyarar ’yarsa na mako biyu, ya bar mini mabuɗin gareji. Na ɗauki ƙaramin faranti cikin waɗanda ya ce in riƙa gwada hannu da su, na zauna na zana abin da ake gani in an tsaya a ƙofar zaurenmu. Tsamiya a dama, wajen fitowar rana, da maƙabartar da Babanmu yake kwance a bayanta. Rijiya a hagu. Rumbunanki biyu, da dutsen nan mai kama da raƙumi a durƙushe can nesa. Ban bar komai ba, har reshen da tsawa ta karya sai da na sa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na san inji yana juya abu, dama ta koma hagu. Na sha gani da idona. Amma na ce a raina ai ba rubutu ba ne, itace itace ne ko ta ina ya tsaya. Da na ɗaga takardar na ga tsamiyarmu ta fito, hawaye suka rufe mini ido, ban tsaya duba wane gefe take ba. Biyu na buga. Washegari wani ɗalibi ɗan wajenmu zai tafi gida hutu, na naɗe ɗaya a kwali na damƙa masa, ina jin kamar na aika miki da Makka da Madina. Sauri ya haifi nawa.

Bayan wata biyu kaset ya iso. Ƙanwata Hajara ce ta ɗauki muryoyinku. Kowa ya yi gaisuwarsa, ke ce ta ƙarshe. Ba ki kira sunana ba, dama ba kya kira, ɗan fari ne ni. Kika ce: “Ku gaya wa wancan na ga hoton. Ya yi kyau. Sai dai tsamiya ta koma yamma, rijiya ta koma gabas, har uban nasa ya tashe shi daga inda aka kwantar da shi.” Ina jin kukan kaji a bayanki. Sannan kika ce: “To, dama an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya yi masa albarka.”

Da faɗa kika yi mini da ya fi sauƙi. Na ɗauko ɗayar takardar na shimfiɗa a tebur, na ga gaskiyarki ƙiri-ƙiri. Wata biyu hoton nan yana manne a bangon ɗakina ina kallonsa safe da yamma, ban lura ba. Ke kuwa kallo ɗaya kika yi masa. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Na kai wa Baba Tagulla kaset ɗin, na fassara masa. Na zaci zai yi dariya. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga, sannan ya ce masu sayen zane a birni ba ruwansu da inda rana ke fitowa, ko ka juya musu duniya ba za su sani ba, amma mai gona ya san ta inda rana ke fito masa. Shi ya sa yake zana abin da madubi ya nuna masa, a juye, don in inji ya sake juyawa kowane abu ya koma mazauninsa. Ya ce: “Yanzu ka san wa nake zana wa.”

Ya ba ni shawara in aika miki da kaset in yi bayani. Na ƙi. In ce miki me, inji ne ya yi laifi? Inji ne ya hana ni gani wata biyu? Na rantse ba zan aika miki da uzuri ba, hoto zan aika wanda tsamiya ke gabas. Na zana gidanmu a takarda, na kafa ta gaban madubi, na fara sabon faranti. Na farko na bar shi ya daɗe a cikin asid, sararin sama ya cinye ya yi baƙi ƙirin. Tsoho ya ce a sake. Na fara na biyu, sai rubutun kammala karatu ya taso, sai Binta ta iso daga gida, sai laulayin ciki. Yau da gobe, yau da gobe. Kaset-kaset ɗin da na aika miki a tsakanin nan duk gaisuwa ce da labarin sanyi, ban taɓa zancen hoton ba, ke ma ba ki sake taɓawa ba.

Ina ɗakin gwajin ƙasa da hantsi aka kira ni ofis, wai ana nemana a waya daga Kano. Kawu ne. Zazzaɓin kwana uku, an riga an kai ki tun jiya. A lokacin na gama tsamiya da rumbu ɗaya, ban kai ga rijiya ba. Na naɗe farantin a tsohuwar jarida na tura shi ƙarƙashin tebur a garejin tsoho. Hoton farko kuwa na cire shi daga bango na kifa shi a gindin akwati.

Da na zo ta'aziyya an riga an kwashe ɗakinki. Na je na tsaya a ƙofar zaure, na ga tsamiya a dama inda take tun kafin a haife ni. Ban tambayi kowa inda hoton yake ba, ina tsoron a ce kin sa an jefar. Na dawo nan na kama aiki, aka haifi Ummi, rayuwa ta ci gaba. Amma ko wace sallah na idar na zo yi miki addu'a, sai in ji muryarki da kukan kajin nan. Na yarda a raina kin tafi kina ganin ɗanki ya manta gida. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har Binta.

To, ga abin da ya faru. Bara ɓarin jikin Baba Tagulla ya shanye, yanzu a keke ake tura shi. Sai da hannun ya daina aiki sannan gari ya tuna da shi. Wani gidan baje zane a titin Elm ya tattaro aikinsa tun na ƙuruciya, aka jera ɗaki uku. Hajara kuwa tana nan wajenmu, ta zo taya Binta jego. Ta gaji da bango huɗu da kantunan titin High Point, har ta fara cewa Amurkar ke nan? Sai na ce ta shirya in kai ta ta ga aikin maƙwabcinmu na dā.

Kin san ’yarki da baki. Tana bin hotunan tana sharhi: wannan gonar ta sha ciyawa, wannan rafin ko akuya ba zai ci ba. Wurin cike da tsofaffi sanye da kayan zuwa coci. Na ga wata tsohuwa ta ja jikarta gaban wani zane, ta ɗora yatsa kusa da gilashin tana cewa nan ne rijiyarsu, ta wannan gefen suke ɗibar ruwa. Yau wurin rijiyar filin ajiye motoci ne. Masu gonar sun zo kallo, kamar yadda ya faɗa.

A ɗaki na ƙarshe an rataya babban hoton tsohon da wani ya ɗauka da kyamara: yana zaune a bakin gona, ya ba ta baya, madubi a gabansa. Hajara ta ja ta tsaya. Ta dafa ƙirji ta ce: “La'ilaha illallahu! Yaya, ga zaman Inna.”

Na ce wane zama? Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan garinmu. A nan tsakiyar mutane ta ba ni labarin da ya kamata in ji shekara takwas da suka wuce.

Ashe ba ki jefar da hoton ba. Kin sa an manna shi a bango, saman jeren kwanukanki, kin ce ko a juye yake hannun ɗa ne. Wata Juma'a, kamar wata guda bayan kaset ɗin, kina zaune bakin gado kin ba hoton baya, kina sa kwalli da ɗan madubinki mai koren baki. Sai Hajara ta ji kin yi salati. Ta shigo a guje ta same ki kin ƙura wa madubi ido, kwalli a ido ɗaya. Kika ce: “Zo ki gani, tsamiya ta koma wurinta.” Kika riƙa karkata madubin kina lissafo su, ga rijiya, ga rumbuna, ga dutse, ga ma reshen da tsawa ta karya. Kika ce: “Bai manta ba. Takardar Turawa ce ta juya masa.”

Daga ranar, in ji ta, duk la'asar in kin idar da sallah sai ki juya wa bango baya ki ɗauki madubi. Matan gida har tsokanarki suke yi, wai Inna ta tsufa ta koma kwalliya, ko wani ne ya yi sallama? Ke kuwa ki ce musu gona kike dubawa.

Na tambayi Hajara me ya hana a gaya mini. Ta ce ta so ta faɗa a kaset na gaba, kika hana. Kika ce: “Ku bar shi. In ya zo ni zan nuna masa da kaina, in ga ko masu boko sun san wannan.” Bayan rasuwarki kuma ba ta ga abin faɗa ba, don ba ta san maganar ta zauna mini ba. Ita a wajenta labarin dariya ne. Ni na ɓoye nawa, ke kin ɓoye naki, kowa yana tanadin abin da zai ba ɗan'uwansa mamaki. Ashe taurin kan nan ba daga ƙasa na tsince shi ba.

Inna, ban san lokacin da na zauna a kan benci ba. Na yi kuka a gaban Turawa da baƙaƙe, da hula a kaina, ban ji kunya ba. Amma ba irin kukan da na yi ranar da Kawu ya bugo waya ba ne. Wannan ina yi ina jin numfashina yana sauka har ciki. Aka turo Baba Tagulla kusa, ya tambayi ko lafiya. Na fassara masa. Bakinsa a karkace yake yanzu, magana da ƙyar, amma ya yi dariya har kekensa yana girgiza. Ya ce shi sai da malami ya koya masa dabarar madubi, ya kuma shekara talatin yana fama da ɗalibai a kanta, ga wata ta gano ita kaɗai tana sa kwalli. Ya ce in gaya miki da ke ya kamata ya yi aiki ba da ni ba. To, na isar da saƙo.

A mota Hajara ta buɗe jaka ta ciro madubin. Ashe shi ta roƙa aka bar mata cikin kayanki, da shi take sa kwalli har yau. Koren bakin ya tsage, an ɗaure shi da zare, ɗaurinki ne, na gane shi. Muna isa gida na jawo akwati na ciro hoton, na jingina shi a kan kujera, na juya masa baya. Ummi tana tsaye tana tambaya da Turanci me nake yi. Na ɗaga madubin. Ga tsamiya a dama, ga rijiya a hagu, ga Baba kwance inda aka kwantar da shi. Na ɗora Ummi a cinya na nuna mata, na ce nan ne gabas, ta nan rana ke fito mana.

Farantin nan na biyu yana nan, ’yar tsoho ta ce in zo in ɗauka. Zan ƙarasa rijiyar, ba don ina bin kaina wani abu ba, sai don yaran nan su samu wanda za su kalla gaba da gaba. Na farkon kuwa a bango zai zauna a juye, da madubinki a rataye kusa da shi, in Hajara ta yarda ta bar mini. Har yanzu muna ciniki.

Akwai sauran abu ɗaya da ta gaya mini, sai da muka rage mu biyu a kicin, tana rage murya kamar za ki jiyo ta. Ta ce ranar Juma'ar nan, bayan kin ce ban manta ba, kin ɗauka ta fita. Tana bakin ƙofa ta ji kin faɗi sunana. Sau ɗaya, a hankali, kina kallon madubi. Ta ce tunda take ba ta taɓa jin sunan a bakinki ba sai ranar.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a inuwar da ta fi ta tsamiya sanyi. Ya yafe mini jinkirina, Ya ba tsohon nan sauƙi. Ya raya mana yaran nan su san gabas ɗinsu ko ina suka tsaya. Amin.

Ki huta lafiya. Ni ma yau zan huta.

Ɗanki na fari,
wanda aka ce kin kira sau ɗaya,
Garba